Tallafin kare muhalli a dausayin Haɗejiya-Nguru: abin da kuɗin ke iya saya da abin da ya fi ƙarfinsa

Dausayin Haɗejiya-Nguru, wanda ya ratsa Jigawa da Yobe, yana cikin wuraren da suka fi tara takardun kariya a Najeriya. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko da ƙasar ta sa a jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya, a 2000. Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008. Dagona kuma tana cikin ɓangaren Bade-Nguru na gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991, sannan a 2020 UNESCO ta sanya yankin Haɗejiya, Nguru da Bade cikin keɓaɓɓun wurarenta na halittu. Kowane ɗaya daga cikin sunayen nan ƙofa ce ta neman kuɗi. Sai dai ba daji ne da babu kowa ba. Akwai mai noman shinkafa a fadama, akwai masunci da komarsa, akwai Bafulatanin da ke gangarowa da shanu idan rani ya tsananta, ga matan da ke yankan kaba, ga masu itace da masu banda. Saboda haka duk wanda ya zo da niyyar kare tsuntsu ko bishiya, ta hannun waɗannan mutane zai bi, kuma hanyar da aka fi bi ita ce a ba ƙungiyar gari tallafi ta yi aikin da kanta.

An daɗe ana haka. Tun 1987 aka fara aikin kare dausayin, wanda ƙungiyar kare muhalli ta duniya, IUCN, da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, da gidauniyar NCF ta Najeriya suka haɗa hannu a kai. Daga baya hukumar raya ƙasashe ta Birtaniya ta kawo nata shirin na inganta sana'o'in mutanen dausayi. Bayan kusan shekara arba'in ana zuba kuɗi, an ga irin aikin da ke tsayawa da ƙafarsa da irin wanda ke mutuwa ranar da aka rufe asusu. Girman kuɗin ba shi ne ya raba su ba. Wanda ya tsaya shi ne wanda aka san, tun ran farko, wane ne zai ci moriyar abin da aka kare, kuma aka tsara shi a kan kalandar ruwa maimakon kalandar ofis.

Misali mafi sauƙin fahimta shi ne shirin ƙananan tallafi na asusun muhalli na duniya, GEF. An kafa shirin a 1992, hukumar UNDP ta daɗe tana tafiyar da shi, kuma ya fara aiki a Najeriya a 2009. Shekaru da dama a baya iyakar abin da yake ba aiki guda dala 50,000 ne, kuma yawancin ayyuka ba sa kaiwa can. Ba a ba gwamnati, ba a ba mutum shi kaɗai; ƙungiya mai rajista ake ba. A kowace ƙasa akwai jami'in da ke karɓar takardu, da kwamitin ƙasa na masu aikin sa kai, mafi yawansu ba ma'aikatan gwamnati ba, su ne ke cewa a ba wannan, a hana wancan. Ƙungiya takan fara da gajeriyar takarda mai bayyana matsala da abin da take son yi. Idan ta shiga, sai a nemi cikakken tsari da kasafi. Akwai ma ɗan ƙaramin tallafi na share fage, don ƙungiyar da ke da tunani mai kyau amma ba ta da abin kiran taro ko auna fili. Ƙungiyoyin ƙauye ba su cika neman wannan ba, alhali su aka yi wa shi.

Kafin a kai ga kwamiti, takarda ce ke fara tace mutane. Ƙungiyar da ke son rajistar hukumar CAC, mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, a matsayin amintattu sai ta rubuta tsarin mulki, ta buga sanarwa a jarida, ta jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Banki kuma zai nemi shaidar SCUML, sashen hukumar EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram, kafin asusun ya yi aiki yadda ya kamata. Ga ƙungiyar masunta a Guri ko Karasuwa, wannan tafiya ce da kashe kuɗi na watanni. Shi ya sa yawancin tallafin ke bi ta hannun ƙungiyoyin birni, na Dutse ko Damaturu ko Kano, su rubuta da sunan ƙauye. Ba laifi ba ne a kan kansa, domin wani ne zai rubuta rahoto da Turanci. Inda ɓarakar take shi ne idan mutanen gari ba su taɓa ganin kasafin ba. Hanyar gane wannan ba ta da wuya: a tambayi ma'ajin kwamitin gari nawa aka ware wa shinge. Idan ya sani, aikin nasu ne. Idan ya ce sai an tambayi mutanen Kano, to baƙo ne a aikin da aka rubuta da sunansa.

Sai batun gudummawar gari. Masu bayarwa suna so su ga cewa a kan kowace dala tasu an samo wata daga wani wuri, ko tsabar kuɗi ko abin da ya yi daidai da kuɗi. A ƙauye wannan na nufin aikin gayya, filin da gari ya bayar, aron kwalekwale, abincin ma'aikata. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a rubuta babban adadi a takardar nema, sannan ba a ajiye littafin da ke nuna wa ya zo aiki, ran nawa ga wata, awa nawa. Ranar bincike sai gudummawar ta zama magana kawai. Littafin rajista guda, da sa hannu ko dangwalen yatsa a kowace ranar aiki, da ƙiyasin ladan yini kamar yadda ake biyan ɗan ƙwadago a garin, ya wadatar.

Kuɗin ba ya zuwa gaba ɗaya. Ana sakinsa kashi-kashi: na farko bayan sa hannu a yarjejeniya, na gaba sai an karɓi rahoton aiki da na kuɗi, da rasit, an kuma gamsu. A nan ne kalanda biyu ke karo. Damina a wannan yanki gajera ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, ambaliya kuma tana kaiwa ƙarshenta bayan ruwan sama ya fara ja da baya. Mai son dashe a Yuli dole ya cika leda da ƙasa ya shuka iri tun Maris ko Afrilu, domin ɗan itace yana bukatar wata uku zuwa huɗu a gandun reno. Irin bagaruwa da gawo da dakwara yana da tauri, sai an jiƙa shi a ruwan zafi ko an ɗan kankare ɓawonsa kafin ya tsiro da wuri. Idan kashin farko ya iso a Yuni, babu sauran lokacin reno. Abin da ƙungiya kan yi shi ne ta sayo dashe daga wani gandu mai nisa, yawanci darbejiya ko turare domin su ake samu, a jijjiga su a mota, a dasa a ƙarshen Agusta. Saiwa ba ta kama ƙasa ba ruwa ya ɗauke. A rahoto an dasa dubu biyar, kuma gaskiya ne an dasa.

Maganin wannan a teburin yarjejeniya yake. Ƙungiya tana da damar neman a sa ranar fara aiki a Oktoba ko Nuwamba, a yi taruka da auna fili da shinge a cikin sanyi, reno a bazara, dashe da saukar ruwa. Aikin shuka na wata goma sha biyu bai kamata a karɓe shi ba sam, domin zai ƙare kafin a san ko itacen ya tsallake ranin farko. Wata ashirin da huɗu shi ne mafi ƙaranci.

Lissafin dashe ma yana da abin da ba a faɗa a taron ƙaddamarwa. Tazarar mita biyar-biyar tana ba da itace 400 a hekta guda. A ce kowane ɗaya zai sha lita goma a mako a ranin farko: lita 4,000 ke nan, jarka 160 mai lita 25, kowane mako, har tsawon wata bakwai ko takwas. Wa zai ɗebo? Da amalanken wa? Idan kasafin bai amsa wannan ba, an gama magana. Haka shinge. Hekta guda mai kusurwa huɗu daidai tana cin waya mita 400. Hekta goma a dunƙule tana cin kimanin mita 1,265, amma idan aka raba ta gida goma domin kowace unguwa ta samu nata, sai ta ci mita 4,000. Siyasar gari takan tura a raba, kuɗin kuma ba ya isa, sai a yi shinge rabi, wanda a wurin akuya daidai yake da babu.

Saboda wannan ne masu aikin da suka goge suka fi karkata ga renon kututturen da ke gona, dabarar da ta yaɗu daga Maraɗi tun shekarun 1980 har ta mayar da miliyoyin hektoci na kudancin Nijar kore. Manomi ya zaɓi tohon da ya fi ƙarfi a kan kututture, ya bar biyu zuwa biyar, ya sassabe sauran, ya riƙa gyarawa kowace shekara. Saiwar ta riga ta yi zurfi, ba ta neman ban ruwa. Kuɗin da ake kashewa na horo ne da kai manoma su ga gonakin da aka yi. Matsalarta a wurin mai neman tallafi ita ce ba ta da hoton ranar biki, kuma ba ta cin kuɗi da yawa. Sharaɗinta kuma guda ne: manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara ba ranar da ya sare reshe. A Nijar sai da wannan tsoro ya ragu dabarar ta kama.

Aikin da mutanen dausayi suka fi nema da bakinsu shi ne yaƙi da kacala, doguwar ciyawar ruwa da ke toshe mashigai, kuma a nan ne ake ganin iyakar ƙaramin tallafi ƙarara. Kafin a gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin Haɗejiya yana cika da damina ya janye da rani. Bayan madatsun, ambaliyar ta ragu, ruwan rani kuma ya ƙaru domin ana saki saboda noman rani da ruwan shan Kano. Ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa shi ne abin da kacala ke so. Ta cika mashigai, ta rage gudun ruwa, laka ta kwanta, ta ƙara samun wurin tsayawa. Da tsohon kogin Haɗejiya da Burum Gana suka toshe, yawancin ruwan ya karkata ta Marma zuwa tafkin Nguru: gonaki a can suka nutse, garuruwan da ke ɗaya ɓangaren suka rasa ruwa. Ga jan baki da ke kwana a cikinta ya fito da safe ya faɗa wa shinkafa da gero.

Yankanta yana da ƙa'ida. Kacala tana shaƙar iska ta ganye ta kai wa saiwar da ke cikin laka. Idan aka yanke ta a saman ruwa, ko aka banka mata wuta da rani, saiwar tana nan lafiya, makonni kaɗan ta dawo. Sai an yanke ta a ƙarƙashin ruwa, kamar taƙi guda ko fiye, yadda ruwan zai rufe kututturen ya hana shi iska, kuma a maimaita sau biyu ko uku a shekara kafin ta fitar da kai ta watsa iri. Abin da aka yanka a fitar da shi tudu. Idan aka bar shi a ruwa zai gangara ya toshe gaba. Masu yanka suna tsaye a ruwa yini guda, don haka takalmin roba mai tsawo da maganin tsargiya su shiga kasafi, kada a bar su a matsayin alfarma. Wani abin da ake mantawa: buɗe mashiga a gari ɗaya yana canza rabon ruwa ga garuruwan da ke ƙasa. Ƙungiyar da ta share kilomita biyu ba tare da ta zauna da maƙwabta ba tana iya jawo rigimar da ta fi kacalar.

Duk da haka, ko an yi komai daidai, kacala za ta dawo muddin yadda ake sakin ruwa daga sama bai canza ba, kuma wannan hukunci ne na hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are da gwamnatoci, ba na kwamitin ƙauye ba. An kafa asusun amana na kogunan Haɗejiya, Jama'are, Komadugu da Yobe a 2006, da jihohi shida a ciki, domin irin wannan matsala da ta wuce gari guda. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, na dala miliyan 700 da aka amince da shi a ƙarshen 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, shi ma yana da ƙarfin ɗaukar manyan injuna. Ƙungiyar da ta rubuta cewa za ta kawar da kacala da dala dubu talatin ta yi alkawarin da ba nata ba. Abin da za ta iya shi ne ta riƙe wata mashiga takamaimai a buɗe, ta kuma samar da dalilin da zai sa a ci gaba da yanka bayan kuɗin ya ƙare. A Muritaniya, a kewayen gandun Diawling, an gwada mayar da kacala gawayi domin yankan ya zama sana'a. Dabarar tana aiki ne kawai idan buhun gawayin kacala, bayan kuɗin busarwa da ƙonawa da matsewa da dako, bai fi na itace tsada a kasuwa ba. A yi wannan lissafi kafin a sayi injin.

Yanzu ga abin da ya fi komai nauyi, wanda kuma ya fi arha a kasafi: yarjejeniyar amfani. A ɗauki tafkin da ake so a hana kamun kifi a cikinsa na wasu watanni domin tarwaɗa da karfasa su hayayyafa, ko a hana datse mashiga da dumba, ko a daina amfani da raga mai ƙananan ido. Masunci zai yarda ya yi haƙuri idan ya san ranar buɗewa shi ne zai shiga, ba wani mai jirgin inji daga nesa da ya biya wani a ɓoye ba. Don haka takardar ta faɗi iyakar wurin da alamomin da kowa ya sani, ranar rufewa da ta buɗewa, wa ke da izinin shiga, tarar wanda ya karya, wa ke karɓar tarar da inda za ta tafi. Sarkin ruwa da bulama ko dagaci su sa hannu, hakimi ya shaida, ƙaramar hukuma ta buga hatimi, domin a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978 ita ke ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara. Idan wurin yana cikin gandun ƙasa ko yana iyaka da shi, sai da hukumar gandun, domin a can doka ta hana kiwo da farauta da sara, kuma babu yarjejeniyar gari da ta isa ta halatta abin da dokar tarayya ta haramta.

Wanda aka fi mantawa da shi a wannan zama shi ne makiyayi, saboda lokacin da ake taron yana wani wuri. Yakan iso da rani ya tarar an kewaye mashayar da kakansa ya sha, ko an dasa itace a kan burtali. Daren farko waya ta tafi. A rahoto sai a rubuta cewa makiyaya sun lalata aiki, alhali tun ranar auna fili aka lalata shi. Kiran arɗo, da sa taron a watan da shanu suke nan, da barin hanya mai faɗi zuwa ruwa, ba su kai kuɗin waya mita ɗari ba. Haka matan da ke yankan kaba: idan aka hana su ba tare da an ware inda za su yanka da yadda za a bar ƙananan goriba su tashi ba, za su ci gaba da yanka, sai dai yanzu da sauri kuma ba zaɓe.

Akwai kuma ɓarnar da kuɗin kansa ke yi. Garin da ya saba fita gayya share mashiga kyauta, idan aka biya shi kuɗin zama da ladan yini na shekara biyu, ba lallai ya koma gayya ba a shekara ta uku. Gara a biya abin da gari ba zai iya samar wa kansa ba, kamar kwalekwale, lauje, waya, awon fili da horo, a bar ƙwadagon da aka saba yi a matsayin gudummawa. Inda aka kafa asusun juyawa, a ba mutane rance su sayi murhu mai rage cin itace ko tukunyar banda ta zamani, a rubuta ranar biya ta dace da lokacin da kifi ko shinkafa ke shiga kasuwa. Rance na farko da ɗan wani babba ya ƙi biya aka kyale shi, shi ne ƙarshen asusun.

Darajar naira ta ƙara wani ciwon kai. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A Fabrairun 2024 ta haura 1,500, ga cire tallafin mai da ya ninka kuɗin sufuri. Ƙungiyar da yarjejeniyarta ke rubuce da naira ta ga kasafin waya da siminti ya narke a hannunta. Wadda tata ke da dala ta sami sauƙi a kashi na gaba, amma ita ma sai ta nemi izini a rubuce kafin ta matsar da kuɗi daga wani layi na kasafi zuwa wani, in ba haka ba mai bincike zai ƙi amincewa da kashewar ko da an yi ta da gaskiya. Kayan da ba sa lalacewa a saye su da kashin farko.

Abin aunawa kuma a zaɓe shi tun kafin a fara, a ɗauki adadin farko a rubuta. Ga itace, a ƙirga masu rai a watan Mayu, ƙarshen rani, ba waɗanda aka dasa ba. Ga mashiga, tsawon mitocin da kwalekwale ke iya bi a wata ɗaya na kowace shekara, daga alama ɗaya zuwa ɗaya. Ga kifi, nauyin kamun wasu masunta sanannu a mako guda bayan buɗewa. Tsuntsaye sun fi wuya a jingina wa aikin gari guda, domin yawancin baƙin da ke sauka a Dagona daga Turai da Asiya suke zuwa, kuma yawansu yana hawa da sauka saboda abubuwan da ke faruwa a can da kuma yawan ambaliyar shekarar. Ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi a tsakiyar Janairu tana da amfani ga dausayin baki ɗaya, kuma matasan gari da aka koya wa riƙe madubin hangen nesa suna iya shiga cikinta, amma kada ƙungiya ta sa ƙaruwar dinya da kirinjijiya a matsayin sharaɗin sakin kashinta na ƙarshe.